Ƙera Samfurin Jirgin Yaƙi na Hurricane: Awo, Haɗi da Fenti

Ranar 6 ga Satumba, 1939, kwana uku kacal bayan Ingila ta shelanta yaƙi a kan Jamus, wasu jiragen Ingila ƙirar Spitfire suka far wa waɗansu jirage a sararin samaniyar kudu maso gabashin ƙasar, suka kakkaɓo biyu. Da ƙura ta lafa sai aka tarar ashe jiragen Hurricane ne na rundunarsu, kuma matuƙi ɗaya ya rasa ransa a hannun 'yan'uwansa. Dalilan wannan kuskure suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne ido bai rarrabe siffar jirgin gida da ta na abokan gaba ba.

Gane jirgi daga nesa cikin 'yan daƙiƙoƙi ilmi ne da sai an koya, ga shi kuwa ba a iya shigo da jirgin maƙiyi cikin aji. Saboda haka aka koma ga samfurori, wato 'yan ƙananan jirage na katako ko na roba waɗanda aka rage kowane sashe nasu da awo guda. A 1942 rundunar sojan ruwa ta Amurka ta nemi ɗaliban makarantun ƙasar su sassaƙa mata irin waɗannan har 500,000, a shafe su da baƙin fenti, domin siffar kawai ake so ido ya riƙe. Bayan an gama yaƙi aikin bai mutu ba. Tun daga shekarun 1950 kamfanoni irin su Airfix na Ingila suka shiga sayar da jiragen roba a warwatse cikin leda ko kwali, mai saye ya haɗa da kansa, ya yi fenti. Ana ɗaukar abin wasa, amma duk ɗalibin da ya gama samfuri ɗaya yadda ya kamata ya yi lissafin rabo da hannunsa, ya ga aikin sinadarai da idonsa, ya kuma tsinci wani abu game da haske da launi wanda allo ba ya nunawa.

Jirgin da za a kwaikwaya

Sydney Camm na kamfanin Hawker shi ne ya jagoranci zana Hurricane. Na gwaji ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba, 1935, aka fara miƙa shi ga rundunar sojan sama ta Ingila a ƙarshen 1937, kuma kafin a daina ƙera shi a 1944 an yi fiye da 14,000, wasu daga cikinsu a Kanada. Injinsa Rolls-Royce Merlin ne, gudunsa ya haura kilomita 500 a awa, ƙirar farko kuma, wadda ake kira Mark I, tana ɗauke da bindigogi 8, huɗu a kowane fiffike. Spitfire ya fi shi gudu, ya kuma fi shi suna, amma a gumurzun da aka yi a sararin samaniyar Ingila cikin 1940 Hurricane ne ya fi yawa, kuma shi ya kakkaɓo fiye da rabin jiragen da Jamus ta rasa.

Abin da ya kamata mai samfuri ya riƙe tun kafin ya buɗe kwali shi ne cewa wannan jirgi ya tsaya ne tsakanin zamani biyu. Ƙashin gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa. Daga hanci zuwa wajen mazaunin matuƙi an rufe shi da fallayen alminiyam, amma daga nan zuwa wutsiya siraran katakai ne aka jera, aka lulluɓe su da yadin lilin, aka shafa wa yadin wani ruwa mai sa shi ya ɗame kamar fatar kalangu. Jiragen farko har fukafukansu na yadi ne, sai daga 1939 aka koma yin su da ƙarfe. Wannan tsohuwar dabara ta yi rana, domin harsashi kan huda yadi ya wuce, makanikai su like wurin a filin jirgi ba sai an mai da shi masana'anta ba. Fiffikensa mai kauri ne, ƙafafunsa a ware suke suna naɗewa zuwa ciki, lagiretonsa kuma yana ƙarƙashin ciki, a tsakiya.

Jirgin yana da tarihi da ƙasar Hausa. Da Italiya ta shiga yaƙi, Faransa kuma ta faɗi a watan Yuni na 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila wajen kai jirage Masar. Sai aka shiga kawo su ta ruwa cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a haɗa su a can, su tashi zuwa Legas, su biyo ta Kano da Maiduguri, su ratsa Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir zuwa Hartum, sa'an nan su bi Kogin Nilu zuwa Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Hanyar ta buɗe ne domin gwamnan Cadi na lokacin, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Ayarin farko, Hurricane 6 da jirgin Blenheim ɗaya yana yi musu jagora, ya tashi a watan Satumba na shekarar, kuma kafin ƙarshen 1943 dubban jirage sun bi ta nan. Ke nan wanda ya zaɓi ya yi Hurricane na yaƙin hamada yana kwaikwayon jirgi ne irin waɗanda suka sha mai a filin jirgin Kano zamanin yaƙin Hitila. Irin wannan yana da alama guda da ba a mantawa: ƙaton matacin iska na kamfanin Vokes a ƙarƙashin hanci, mai kama da maƙoƙo, wanda aka sa don kada rairayi ya ci injin. Waɗanda ke kan doguwar hanyar kuma akan rataya musu ƙarin tankokin mai a ƙarƙashin fukafukai.

Lissafin sikeli

Sikeli shi ne awon da aka rage girman abu da shi. Idan aka rubuta 1:72, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikin samfuri yana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Lambar ta fito ne daga awon Ingilishi: ƙafa 6 inci 72 ce, don haka mutum mai tsawon ƙafa 6 zai koma inci ɗaya daidai.

Faɗin Hurricane daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 40 ne, wato mita 12.19. In aka raba da 72 za a sami santimita 16.9. Tsawon Mark I kimanin mita 9.58 ne, ya koma santimita 13.3. A sikelin 1:48, wanda shi ma ya yaɗu, lissafin ya fi daɗi: ƙafa 40 inci 480 ce, a raba da 48, a sami inci 10 cif, wato santimita 25.4. Yana da kyau ɗalibi ya ɗora rula a kan fiffiken da ke cikin kwali ya gwada kafin ya fara, domin ba kowane kamfani ne ya auna daidai ba.

Sai dai tsawo ne kaɗai ke raguwa sau 72. Faɗin fuskar abu, da yake tsawo ne sau faɗi, yana raguwa sau 72 × 72, wato 5,184. Fuskar fukafukan Hurricane murabba'in mita 23.92 ce, a samfuri ta koma kimanin murabba'in santimita 46, ba ta kai tafin hannu ba. Wurin da jiki ya cika kuwa, da nauyin da ke tafiya da shi, suna raguwa sau 72 × 72 × 72, wato 373,248. Mark I da kayan yaƙinsa ya kai kimanin kilo 3,000. Da za a rage kowane bututu da kowane ƙusa da kowane ɗigon mai da awo guda, da samfurin bai wuce giram 8 ba. A duba abin da wannan ya haifar: a jirgin gaske kowane murabba'in mita na fiffike yana ɗauke da kilo 125, a wannan samfuri na zato kuwa bai kai kilo 2 ba. Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1638, kuma ita ce dalilin da ya sa ƙafar giwa ta zama turmi, ta tururuwa kuwa ta zama zare.

Akwai wurin da samfuri ba ya iya faɗin gaskiya. Idan aka ɗauki fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya aka rage shi sau 72, zai koma kimanin milimita 0.014, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Roba ba ta zubuwa haka. Bangon samfuri mai kaurin milimita ɗaya, in aka mai da shi girman gaske, santimita 7.2 ne, kamar na tankar yaƙi. Haka nan layukan da ake tsagawa a jikin roba don nuna mahaɗar fallaye: tsaga mai faɗin milimita 0.2 tana wakiltar ramin santimita 1.4, jirgin da ke da irin wannan giɓi kuwa babu matuƙin da zai yarda ya hau shi. Amfanin sanin wannan shi ne mai aiki ya gane inda zai rage ƙaryar. Gefen fiffike na baya, da ƙofofin ƙafafu, da bakin lagireto duk ana iya kankare su daga ciki su yi siriri. Lissafin nan kuma shi ne zai yi hukunci idan an zo kan fenti.

Kayan aiki da haɗi

Ba a bukatar kaya masu yawa: wuƙa ƙarama mai kaifi ko reza, abin yanke farce, hantsaki, samfefa mai laushi iri biyu ko uku, salatif na takarda, tsinken sakace, buroshi mai faɗi ɗaya da mai tsini ɗaya, gam na roba, farin gam na kafintoci, da fenti. Wanda bai sami kwalin roba ba yana iya bin hanyar ɗaliban 1942: ya sami zanen jirgin ta sama da ta gefe da ta gaba, ya rage shi zuwa sikelin da yake so, ya manna a kan katako mai laushi irin na malaina, ya yanke ta gefe, ya yanke ta sama, sa'an nan ya zagaye kusurwoyi da wuƙa yana gwadawa da kwalayen da ya yanke daidai da siffar jiki a wurare huɗu ko biyar. Wannan hanya ta fi wuya, ta kuma fi koyarwa.

Robar kwali sunanta folistirin. Narka ta ake yi a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, shi ya sa sassan ke zuwa a manne da wani firam, wanda shi ne hanyar da narkakkiyar robar ta bi. Akan sami maiƙo a jikinsu, don haka a fara wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu, a bar su su bushe. Kada a murɗe sashe daga firam da hannu, domin yakan taho da rami. A yanke nesa kaɗan, a share saura da wuƙa, kaifin yana barin jiki ba yana nufo yatsa ba.

Gam na roba ba ya aiki irin na sauran gam. Farin gam na kafinta shiga yake tsakanin abu biyu ya bushe ya riƙe su. Na roba kuwa ruwa ne mai narkarwa. Ƙwayoyin folistirin dogaye ne kamar zaruruwan da suka cukurkuɗe. Idan ruwan ya taɓa fuskar roba sai ya sassauta zaruruwan, na wannan gefe su shiga cikin na wancan, ruwan ya bi iska, sassa biyu su zama abu ɗaya kamar an yi musu walda. Duk wanda ya taɓa ganin yadda farin soson nan da ake tallafe sabon rediyo da shi cikin kwali yake narkewa in fetur ya taɓa shi, ya ga irin wannan aiki, domin soson ma folistirin ne da aka hura wa iska. Daga nan ƙa'idoji uku suke fitowa. Gam ɗin ba ya kama wurin da fenti ya rufe, sai an kankare. In ya yi yawa yakan ci robar ta lotsa, wani lokaci bayan kwanaki. In kuma yatsa ya taɓa wurin da ya jiƙa, zanen yatsan ya zauna ke nan. Mai ruwa-ruwa ya fi: a haɗa sassan tukuna, a ɗiga shi a bakin mahaɗa da tsinin buroshi, shi da kansa zai bi tsagar ya shige, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Tururinsa yana cutarwa, yana kuma kama wuta, saboda haka a buɗe taga, a nisanci fitila da murhu.

Ana fara wa ne daga mazaunin matuƙi, domin da zarar an rufe gangar jiki buroshi ba ya kai wa can. Bangon ciki kore ne mai ruwan toka, bututun ƙashi da kujera akasari ruwan alminiyam, allon agogo baƙi. Sa'an nan a haɗa rabi biyu na gangar jiki. Kowane sashe a gwada shi ba gam tukuna, a ga inda ya ƙi zama, a gyara. Idan an ɗora fukafukai da wutsiya, kafin gam ya kama, a ɗaga jirgin daidai ido a dube shi ta gaba: jelar tsaye ta miƙe sak, ƙananan fukafukan baya su kwanta daidai da juna, manyan kuma su ɗan ɗago kaɗan ta bakinsu, dama da hagu awo ɗaya. Karkatar da ba ta kai milimita biyu ba ido yana kama ta, fenti kuma ba ya ɓoye ta.

Mahaɗar da ta bar layi a goge ta da samfefa mai jiƙe da ruwa, giɓi kuma a cike shi da foti kaɗan. A nan Hurricane yana da tarko. Bayan jikinsa yana da siraran layuka na katakan da ke ƙarƙashin yadi, kuma mai gaggawa yakan share su wajen guga. A rufe su da salatif, a bar mahaɗar kaɗai a fili. Farfela da tayoyi da sandar rediyo a ajiye su sai ƙarshe. Murfin gilashi kuwa da farin gam ake manna shi, domin gam na roba yana cin sa, gam mai kama nan take kuma tururinsa yana bar masa farin hazo daga ciki inda ba a iya gogewa.

Fenti

Kafin a buɗe gwangwani sai an amsa tambaya: wane jirgi, a ina, a wace shekara? Launin jiragen Ingila ya sauya sau da yawa, kuma samfurin da ya haɗa launin wata shekara da tambarin wata shekara ya yi wa tarihi ƙarya komai kyansa. A farkon yaƙi saman jirgi kore ne mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, cikinsa kuwa rabi baƙi rabi fari, fiffiken hagu ne baƙin, domin masu tsaro daga ƙasa su gane na gida. Daga watan Yuni na 1940 aka mai da cikin wani launi mai haske tsakanin kore da bula wanda ake kira Sky. A watan Agusta na 1941, da faɗa ya koma kan teku da sararin Faransa, jiragen da ke Ingila suka bar ruwan ƙasa suka koma kore da ruwan toka. Na hamada kuwa, ko da yake da yawa daga na farko sun isa can da launin Ingila, daga baya an tsayar musu da ruwan ƙasa mai duhu da ruwan rairayi a sama, shuɗi mai haske a ciki. A jikin gwangwanin fenti za a ga sunayensu kamar yadda ma'aikatar jiragen Ingila ta sa musu: Dark Earth, Middle Stone da Azure Blue.

Fenti abu uku ne a haɗe: garin launi, da abin da ke riƙe garin ya manne, da ruwan da ke sa shi gudana. Fentin mai, wanda ake tsinkawa da tina, bushewarsa hawa biyu ce. Ruwan yakan tashi cikin 'yan awoyi, amma maiƙon sai ya haɗu da iskar oksijin kafin ya taurare, wannan kuwa yakan ci yini guda ko fiye. Shi ya sa fenti kan yi kamar ya bushe, a ɗora wani a kai, na ƙasa ya tashi. Fentin ruwa, wato akirilik, ƙananan ƙwayoyin roba ne ke yawo cikin ruwa, in ruwan ya tashi su matsu su haɗe su zama fata. Yana bushewa da wuri, ba shi da wari sosai, kuma shi ya fi dacewa da mai koyo. Tinar fentin mota kuwa tana da zafi, tana iya cin robar kanta, tana kuma yamutsa fentin mai in aka shafa ta a kansa.

A fara da shafen share fage mai ruwan toka. Shi ke sa fenti ya kama, shi ke kuma tona duk tsagar da ta ɓuya. Bayansa a bi daga launi mai haske zuwa mai duhu: ciki tukuna, sai ruwan rairayi a saman duka, sa'an nan a zana iyakokin ruwan ƙasa da fensir bisa zanen da ya zo da kwali, a cike. Waɗannan iyakoki ba son rai ba ne, zane ne tsayayye da masana'antu ke bi, kuma a farkon yaƙi iri biyu ne, ɗaya kishiyar ɗaya kamar a madubi.

Babban kuskuren mai koyo shi ne son ya rufe launi a shafa ɗaya. A koma ga lissafi: fenti mai kaurin milimita 0.1 a jikin samfuri daidai yake da kaurin milimita 7 a jikin jirgi, wato yaɓe ke nan irin na magina. Yana cike layuka, yana binne zanen yadi. A tsinka fenti har ya yi ruwa kamar madara, a shafa sau uku, ana barin kowane ya bushe. Shafar farko za ta yi muni, roba tana leƙowa, kuma a nan ne haƙuri ke ƙarewa, amma ta uku za ta kwanta lumui. Lokacin hunturu fentin ruwa yakan bushe a bakin buroshi kafin ya baje, ƙura kuma tana sauka a kan ɗanyen fenti. Maganin shi ne a ƙara ruwa kaɗan, a yi aiki da sassafe, a kife kwali ko roba mai tsabta a kan samfurin da zarar an ajiye buroshi.

Masu wannan aiki sun daɗe suna jayayya a kan ko ya kamata a ƙara wa launi fari. Hujjar masu cewa a ƙara ita ce: wanda ya dubi samfuri daga rabin mita kamar ya dubi jirgi ne daga mita 36, iskar da ke tsakani kuwa tana warwatsa haske, ta sa launi ya kwanta, kamar yadda dutse mai nisa yake komawa toka-toka. Gaskiya ne iska tana yin haka, amma a mita 36, in ba cikin hazo ba, abin da take ragewa kaɗan ne ƙwarai. Hujjar da ta fi ƙarfi ga jirgin hamada ita ce rana, wadda ke kodar da fentin saman fukafukai da gadon baya cikin 'yan watanni. Ɗigon fari kaɗan a waɗannan wurare yana da dalili. Abin da ya wuce haka ya zama ado.

Tambura da alamun aiki

Tambura suna zuwa ne a kan takarda, a jikin wata fata siririya marar launi. Akan tsoma ɗaya cikin ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye har ya fara zamewa, a tura shi daga takarda zuwa wurinsa da jiƙaƙƙen buroshi, a danne da tsumma mai laushi. Sau da yawa bayan ya bushe sai a ga gefensa yana walƙiya kamar azurfa. Dalilin yana cikin ilmin haske. Fenti marar ƙyalli, in aka duba shi da madubin ƙara girma, tudu da kwari ne, kuma wannan kaushi ne ke watsa haske ta ko'ina har ya hana shi sheƙi. Idan fatar tambari ta kwanta a kan tuddan, iska takan maƙale a cikin kwaruruwan, haske kuma yana dawowa daga duk inda ya bar roba ya shiga iska. Don haka a shafa fentin ƙyalli marar launi tukuna ya cike kwaruruwan, a manna tambura, sa'an nan a rufe duka da marar ƙyalli.

Tambarin saman fiffike shuɗi ne da ja kawai, babu fari, don kada ya tona jirgi daga sama. Na gefen jiki yana da zoben rawaya tun daga watan Mayu na 1940, a tsakiyar 1942 kuma aka rage faɗin farin da rawayar. A tutar jela ja ne ke gaba ta kowane gefe. Fitilar bakin fiffiken hagu ja ce, ta dama kore. Farfela baƙa ce, bakin kowane reshe rawaya na tsawon inci 4, wanda a 1:72 ya koma milimita 1.4 kacal, kuma mafi yawan masu koyo sukan ninka shi sau biyu ko uku ba su sani ba. Bakin bindigogi akan like shi da jan ƙyalle kafin tashi don kada ƙura da sanyi su shiga, harsashin farko ya huda shi.

Jirgin da ya yi aiki yana da tabo, amma kowane tabo da sababinsa. Hayaƙin salansa yakan bar shaida a gefen jiki, yana bin hanyar iska zuwa baya, baƙi-baƙi da toka-toka a tsakiya saboda darmar da ke cikin man jirgi. Garin fensir ko na alli mai launi, a shafa da busasshen buroshi, ya isa. Mai yakan zubo daga ƙarƙashin injin. Fenti yakan ɓare a gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke takawa ya hau, da gefen fallayen da makanikai ke buɗewa kullum. A nan ne sanin ƙirar jirgin yake biya: wanda ya ɗiga ruwan azurfa a bayan gangar Hurricane ko a jikin abin juya jela ya nuna ƙarfe a inda yadi ne, yadi kuwa ba ya ɓarewa ya nuna alminiyam mai sheƙi, sai dai ya kode ko a yi masa faci.

Samfurin da aka gama a ajiye shi cikin akwatin gilashi ko na roba mai haske, nesa da taga, domin rana tana sa fatar tambura ta yi rawaya, zafin mota rufaffiya kuma yana iya lanƙwasa siraran sassa. A rubuta ƙirar jirgin da sikeli da shekara da fagen da ya yi aiki a ɗan kati a gabansa.

Ajin da ya sami Hurricane da Spitfire a sikeli ɗaya yana iya maimaita gwajin da aka ƙirƙiro samfurori dominsa. A rataye su da zare, ɗalibai su tsaya a nisan mita 10, wanda yake daidai da mita 720 a sararin sama, a ba kowa daƙiƙa biyu ya faɗi wanne ne wanne. Faɗin Spitfire mita 11.23 ne, wato santimita 15.6, bambancinsa da Hurricane bai kai santimita ɗaya da rabi ba, daga wannan nisa kuwa girma ba ya taimako. Abin dubawa shi ne fiffiken Spitfire mai siffar ganye da na Hurricane mai miƙaƙƙun gefuna, da ƙusumbin bayan Hurricane da ke gangarowa daga mazaunin matuƙi zuwa wutsiya, da kuma lagireto, wanda a Spitfire na farko yake ƙarƙashin fiffiken dama, a Hurricane kuwa yake tsakiyar ciki.